Abin da Aka Ce da Abin da Na Sani

2 ga Janairu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, ina kuma gaida Malama. Da fatan ƙafar nan taka ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai autata da ta yi tari kwana uku, shi ma ya wuce.

Na san za ka yi ta juya ambulan kana tunanin wace ce wannan. Ni ce jikar yayar babanka, wadda ka laƙaba wa 'Yar Gardama tun ina aji uku don na ce agogonka latti yake yi. Rabonmu da haɗuwa shekara shida, tun rasuwar Inna. Na neme ka a waya, aka ce kunne ya yi nauyi, ka jefa wayar cikin durowa. Shi ya sa na ba direban motar Laraba wannan takarda.

Ga abin da ya kawo ni. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a ɗakin gwajin ruwa. Duk bayan shekara uku hukumarmu kan tura mutum ɗaya karatun digiri na biyu, wannan karon sunana ne ya fito. Amma jami'ar ba ta ɗaukar mutum sai ya ci wata jarrabawa da Turanci, rabi lissafi, rabi fahimtar karatu. Lissafin ba ya ba ni tsoro. Karatun ne ya kayar da ni har sau biyu. Zama na uku ranar 20 ga Afrilu ne. In na sake faɗuwa gurbin ya koma hannun na bayana a layi, ni kuwa shekaruna talatin da takwas, ba zai sake zagayowa kaina ba.

Suna ba mutum guntun rubutu ne, sakin layi biyu ko uku, sai tambaya da amsoshi biyar, A zuwa E. Na sayi littafin gwaji mai tambaya ɗari huɗu, amsoshin suna can baya, babu bayani ko ɗaya. Bari in ba ka misalin da ya sa na wurgar da shi ƙarƙashin gado. Marubuci ya ce rijiya mai zurfi ta fi mai gajeren zurfi aminci, domin ƙasa tana tace ruwan kafin ya taru. Tambaya: a ganin marubucin, wace rijiya ce ta fi aminci? Na zaɓi D, wato ba a sani ba sai an gwada. Littafi ya ce B, mai zurfi. Kawu, da hannuna na gwada ruwan rijiya mai zurfin gaske, garau a ido, ga shi ɗauke da gishirin ƙasa mai ɓata haƙoran yara. Wato so suke in yi ƙarya kafin su ba ni maki.

Inna takan ce ka yi shekara talatin kana magatakarda da tafinta a kotu, babu wanda ya kai ka iya karanta takarda. Na kwafo maka rubutun rijiyoyin gaba ɗaya. Ka gaya mini ni da littafin wa ya yi kuskure.

Taka,
'Yar Gardama

17 ga Janairu

Zuwa ga 'Yar Gardama,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, ban kuma juya ambulan ba, layi biyu na karanta na gane mai ita. Ƙafa da sauƙi. Malama tana amsawa, ta ce a shafa mata kan mai tari. Agogon nan yana nan, kuma har yau latti yake yi, ban dai taɓa amsa miki ba ne.

Na karanta zancen rijiyoyi sau biyu. Littafi ya yi daidai, ke ma kin faɗi gaskiya, amma ke kika faɗi tambayar. Ba a tambaye ki wace rijiya ce ta fi aminci ba. An tambaye ki me mutumin ya ce.

Shekara talatin da ɗaya ne, ba talatin ba. A shekarata ta biyu wani mai shaida ya rantse cewa ya ga ƙofar wani shago a kulle da kwaɗo ranar da aka yi sata. Ni kuwa a shagon nake sayen sabulu, na san ƙofar ko marikin kwaɗo ba ta da shi, da igiya ake ɗaure ta. Na so ƙwarai in gyara. Na daure na rubuta yadda ya faɗa, kalma da kalma. Bayan kwana tara mai shagon ya zo ya ce da igiya yake ɗaurewa. Alƙali ya sa na karanto maganar na farko, nan take ƙarya ta fito fili. Da na gyara masa magana, da na rufa masa asiri ke nan. Saboda haka rubuta abin da mutum ya ce ba ƙarya ba ce. Kafin ki ƙaryata mutum, sai kin fara riƙe maganarsa daidai.

Tun daga ranar na ɗauki wata dabara. Kowane shafi nakan ja masa layi da rula, in bar kashi ɗaya cikin uku a gefen dama. A hagu in rubuta abin da aka ce, da biro. A dama in rubuta abin da ni na sani, da fensir, don zuciyata ta huce. Kafin in miƙa wa alƙali littafin in goge fensir ɗin tas. Babu wanda ya taɓa ganin gefen dama na littafina.

Ki yi haka. Gishirin rijiyarki ki sa shi a dama, ki amsa tambaya daga hagu. Sannan ki ciro littafin daga ƙarƙashin gado, ki yage shafukan amsoshi ki aiko mini da su. Na san jininmu, leƙe ba ya mana wuya. Duk sati biyu ki kwafo tambaya ashirin da amsarki da dalilinki, ni zan duba.

Kawunki

6 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Malama. Muna lafiya, maigidana yana gaishe ka, ya ce in gaya maka tun da na fara jan layi a takarda gardamar gida ta ragu, Allah ya saka maka.

Na ga sakamakon ashirin na farko, goma sha ɗaya. Ban ji daɗi ba, amma ban yi mamaki ba. Ga na biyu nan. Za ka ga gefen dama ya cika har na ɗora a baya. Ban goge ba, don ka ga irin abin da nake haɗiyewa. Akwai wani rubutu a kan ƙudan zuma da ban san komai a kansu ba, shi na fi saurin amsawa. Ashe sanin nawa ne yake taɗe ni.

Lokaci ma matsala ne, minti ɗaya da rabi ake ba kowace tambaya. A gida ba dama, da na buɗe littafi sai wani ya ɓatar da takalminsa. Sai na koma yi a wurin aiki lokacin hutun rana. Muna da wani inji mai wulwula kwalaben gwaji, minti talatin cif yake yi ya tsaya da ƙara. Nakan zuba masa kwalabe, in danna, in zauna kan dogon kujerar da ke gefensa in fara. Da ya yi ƙara in ajiye biro, ko na gama ko ban gama ba. Jiya tambaya uku suka rage. Shugabar ɗakinmu ta leƙo ta gan ni, ta ja mini ƙofa.

Akwai irin tambayar da na gano ina so. Wani gari ya kafa fitilu a tituna, sata ta ragu a shekarar, marubuci ya ce fitilun ne suka rage ta. Wanne cikin biyar zai raunana hujjarsa? Na zaɓi mai cewa a shekarar sata ta ragu har a garuruwan da ba a kafa fitila ba. Wannan kam ko ba ka duba ba na san na ci. Ban taɓa zaton akwai inda ake ba mutum maki don ya yi gardama ba.

Taka,
'Yar Gardama

21 ga Fabrairu

Zuwa ga 'Yar Gardama,

Muna lafiya, muna fatan kuna haka. Ki ce da maigidanki na ji, amma kada ya saki jiki, aro ne.

Na biyu goma sha uku, na uku goma sha biyar. Ta fitilu kin ci, ba sai kin yi mini kirari ba. Wanda ya buga shafukan amsoshin nan da ƙananan baƙaƙe kamar ƙwayar gero, Allah ya shirye shi, sai na fito da su tsakar gida cikin rana nake dubawa.

Yanzu kin daina cusa saninki a bakin marubuci, saura wani ciwon. In an ce miki, me za a iya fahimta daga wannan rubutu, sai ki ɗaura zani ki kama hanya. A tambaya ta bakwai marubuci ya ce ɗakin karatun garin ya rage awoyin buɗewa. Ke kika zaɓi cewa mutanen garin sun daina son karatu. Ina aka faɗi haka? Wataƙila rufin ne ke yoyo, wataƙila ma'aikaci ne ya yi ritaya. Abin da kawai za ki iya ɗauka shi ne a da yana daɗewa a buɗe fiye da yanzu. Taki ɗaya ake so daga bakin rubutun, ba tafiyar yini ba. Amsar da ta fi daɗin labari ki yi mata kallon mai shaidar da ya zo da kuka tun daga ƙofa.

Ki ci gaba da zama gefen injinki. Tambaya ukun da ke raguwa, dogon rubutun gefen dama ne ke cinye lokacinsu. Kalma biyu sun isa zuciya ta huce.

Kawunki

13 ga Maris

'Yar Gardama,

Muna lafiya. Na ga ashirin ɗin da kika aiko. Kada ki ƙara aiko mini da tambayoyi. Ba ni da abin da zan ƙara miki.

Kawunki

19 ga Maris

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Malama. Lafiyarmu ƙalau.

Sati uku ina tare direba duk ranar da ya dawo, yana ce mini babu saƙo. Da saƙon ya zo kuma, layi huɗu ne. Na karanta shi a tsaye a bakin tasha, na sake karantawa a gida, na kuma karanta gefen inji har ya yi ƙara ban amsa tambaya ko ɗaya ba. Ba ka faɗi maki ba, na san abin da hakan ke nufi. Ashirin ɗin nan su ne mafi wuya a littafin, na kuma san na zubar da su. Ko rubutunka ya nuna, ya yi manya-manya yana hawa yana sauka, kamar mai yi wa mutum tsawa.

Ban ga laifinka ba. Shekara shida ban leƙo ka ba, ko gaisuwa ban aiko ba, sai da buƙata ta kama ni na tuna ina da kawu. Ka yi wata biyu da rabi kana wahala da ni, ka ga ba inda za a je, ka faɗa mini a taƙaice yadda kuka saba a kotu. Na ji zafi ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba, amma na gode.

Na bayana a layi mutumin kirki ne, yana da iyali, kuma in na janye kafin wata ya ƙare zai samu damar yin rajistar zama na gaba. In na jira na faɗi a Afrilu, mu duka biyu mun rasa bana. Na riga na rubuta takardar janyewa, tana cikin jakata. Ranar Litinin zan miƙa wa shugaba.

Ka yafe mini ɗawainiyar da na ɗora maka.

Taka

20 ga Maris

Zuwa ga 'Yar Gardama,

Lafiya muke. Na sa direba ya biyo gobe da sassafe kafin ya juya, don wannan ta riga Litinin isa. Rubutun Malama kike gani, ni nake faɗa tana rubutawa. Ta ce nawa ya lalace. Shekara arba'in da aure, sai yanzu tsohuwar malamar firamare ta gano haka.

Na ce kada ki aiko da tambaya, ban ce ni ba zan aiko ba. Ɗauko rula ki ja layi. Ga rubutu:

"Na ga ashirin ɗin da kika aiko. Kada ki ƙara aiko mini da tambayoyi. Ba ni da abin da zan ƙara miki."

Wanne ne za a iya fahimta daga wannan rubutu?

A. Mai karatu ta faɗi yawancin tambayoyin.
B. Marubuci yana riƙe da ita a zuci saboda shekara shida.
C. Marubuci ya gaji da ita.
D. Marubuci ya duba aikinta, kuma yana ganin koyarwarsa ta kai ƙarshe.
E. Ya kamata ta miƙa gurbinta ga wani.

Minti ɗaya da rabi. Ke kin zaɓi A da B da C da E a lokaci guda, abin da ko a jarrabawar ba a yarda da shi ba. Kin bar guda ɗaya tak, ita ce kuma amsar.

Goma sha tara kika ci cikin ashirin. Ɗayar da kika rasa, ni da Malama mun zauna a kanta, mu ma amsarki muka zaɓa, saboda haka mu uku muka faɗi. Mai cin sha tara me zan koya mata? Abin da ya rage miki barci ne da cin abinci, da daina tare direba a tasha. Rashin faɗin maki laifina ne. Ranar ba ni da sukunin dogon rubutu, na ɗauka na sa, ashe ban sa ba. Na amsa wannan.

Zancen shekara shida kuwa, ni ma ina da biro da takarda duk tsawon shekarun, ban rubuto ba. In laifi ne, mun raba shi biyu. Girman rubutuna kuma ki sa shi a gefen dama, ba ya cikin abin da aka ce.

Na bayanki mutumin kirki ne, na yarda, ya jira nasa. Ki ciro takardar nan daga jaka ki yaga ta. Kada ki rubuto mini sai sakamako ya fito.

Kawunki

14 ga Mayu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Malama, na san ke ce kike karanta masa wannan, don Allah kada ki tsallake ko layi ɗaya, ko da ya ce ya isa. Mu nan duk lafiya.

Na yaga takardar a ranar da taka ta iso. D na zaɓa, cikin daƙiƙa ashirin, ina jin kunya.

Ɗakin jarrabawar dogo ne, kwamfuta goma sha biyu, kowace da katako a tsakaninta da ta kusa. Sun karɓe jaka da agogo, suka ba kowa fensir biyu da farar takarda ta lissafi. Kafin in taɓa komai na ninka takardar na ja layi da gefen katin shaidata. Rubutu na uku da ya fito a kan ruwan madatsa ne, kuma marubucin ya yi wani kuskure da ko sabon ma'aikaci ba zai yi a ɗakinmu ba. Na ji gardama ta taso mini. Na rubuta "ba haka" a dama, na amsa daga hagu, na wuce. Na gama da sauran minti biyu. Da mai tsaron ɗakin ta zo karɓar takardu ta ga "ba haka" sau shida a jere, ta dube ni, na dube ta, ta sa a kwando.

Jiya sakamako ya fito. Na ja layi a wannan shafin yadda ka koya mini.

A hagu, abin da aka ce: na haye makin da jami'a ke nema a fahimtar karatu da tazarar maki bakwai. An ɗauke ni. Shugaba ta sa hannu a takardar hutun karatu, zan fara a watan Satumba.

A dama, abin da na sani. Ba daga rubutunka na ɗauko shi ba, don haka kada ka ce na yi tafiyar yini. Malama ce ta rubuta shi da fensir a cikin marfin ambulan na wasiƙarka ta ƙarshe, kada kuma ka yi mata faɗa. Na san yanar ido ta rufe maka ido ɗaya, ta kama na biyu. Na san likita ya sa maka ranar aikin ido 22 ga Janairu, ka ɗaga, ya sake sa maka a Fabrairu, ka sake ɗagawa, domin an ce bayan aikin sai ka yi makonni ba ka karanta ƙananan baƙaƙe ba. Na san da gilashin ƙara girma kake bin shafukan da na yago maka, a tsakar gida, ido na zubar da ruwa, kuma ashirin na ƙarshe kwana tara suka ɗauke ka. Na san ranar da ka rubuta layi huɗun nan ba ka ganin layin da kake rubutu a kai. Ni kuwa na duba na ce tsawa kake yi mini.

Malama ta ce sai ka tabbatar ranar jarrabawa ta wuce za ka yarda a yi aikin. Direba ya gaya mini an yi, kana gida da baƙin tabarau kana yi wa kowa gardama. Laraba mai zuwa ba takarda zan ba shi ba, ni da yara za mu shiga motar. Ka ajiye mini agogon nan in kai shi gyara.

Ka ce shekara talatin da ɗaya kana goge gefen dama kafin kowa ya gani. Wannan da biro na rubuta shi, Kawu. Ba ya goguwa.

Taka,
'Yar Gardama